Renon Ciyawa a Gidan Jusoh

Ranar Asabar ta makon jiya na doke hannun surukina, dattijo mai shekara tamanin da huɗu, a bainar jama'a, kuma a kan ciyawa. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji a rumfar shayin Kader, inda labarin ya riga ya yi 'ya'ya har ana cewa kwata na tura shi. Ban tura shi ba. Daga kasuwar safe muke, muka biyo ta ƙofar gidan maƙwabcina Jusoh, sai surukin nawa, Tok Semail, ya ga wata ciyawa ta kama hawa matakalar gidan. Ya duƙa yadda kowane mutumin kirki zai duƙa, ya kai hannu zai tuge ta. Ni kuwa ban san lokacin da nawa hannun ya fita ba.

Tsohon ya dubi bayan hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Derus, da na san haka za ka koma, da direban bas ɗin nan na ba wa Esah."

Shekara talatin da biyar ke nan da aurenmu da Esah, ashe har yanzu direban bas yana nan a ransa. Na ba shi haƙuri, bai karɓa ba. To amma ku saurari yadda aka yi har na zama mai gadin ciyawa, sannan ku yanke mini hukunci.

Jusoh ya yi shekara ashirin da uku yana yankan kwakwar manja a babban gandun da ke bayan ƙauyenmu, wanda ba zan kira sunansa ba don ina son in mutu a gadona. Wata tara da suka wuce ya ɗaga doguwar sandar nan mai lauje a baki ya yanko wani curi, curin ya kauce ya sauko masa a kafaɗar dama. Likitoci suka yanka, suka ɗinke, suka rubuta abin da kowa ke gani: hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji. In zai ci abinci, kai yake kaiwa wurin hannu. Gandu ya sallame shi da godiya da kwandon lemo. Abin da ya rage masa shi ne diyyar wata-wata da doka ta yi wa irinsu alkawari, in kuwa ba ta fito ba, shi da matarsa Rokiah za su sayar da filin da ya gada su koma ɗaki guda a gidan 'yarsu a birni, hawa na goma sha ɗaya. Jusoh bai taɓa kwana a inda ba ya jin carar zakaransa ba.

Dokar nan kuwa, Allah ya yi wa waɗanda suka yi ta albarka, kyakkyawa ce. Ina wurin sa'ad da Mai Girma Wakilinmu a majalisar jiha, Garkuwan Ma'aikata, Laimar Masu Rauni, ya yi shelarta ana saura wata biyu zaɓen da ya wuce. Ya ce daga ranar duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki ya zama ɗan gidansa. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja, na koma gida da riga da hula. Bayan zaɓe sai aka ce doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an rubuta mata ƙa'idoji. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ziyarci ƙasashe uku masu sanyi don ya ga yadda kafaɗar mutanen can ke karyewa, ya dawo da shafi ɗari da goma sha biyu. Sannan aka gina wa Hukumar Tausaya wa Ma'aikata hedikwata mai marmara, da ruwa mai tsartuwa a tsakar gida. Na'urar hawa bene ta lalace tun makon buɗewa, teburin masu ciwon ƙafa kuma yana hawa na huɗu.

Sau shida na goya Jusoh a babur zuwa can. Mu ciri lamba mu zauna. Wata rana an tafi taro, wata rana na'ura ta ƙi, wata rana mai hatimi ya je bikin ƙanwar matarsa da hatimin a aljihu. A zuwa na shida wata baiwar Allah ta karɓi takardunmu, ta ce komai ya cika, saura abu ɗaya ƙarami. Shafi na arba'in da wani abu ya ce tun da akwai masu ƙaryar ciwo, dole jami'i ya zo gidan mai neman diyya ya duba ko akwai alamun yana aikin ƙarfi a ɓoye. Na gyaɗa kai, na ce wannan hankali ne. Wallahi har yabawa na yi.

Wasiƙa ta zo cewa ran Alhamis jami'in zai iso. Esah ce ta fara magana, kuma duk wanda ya ce da shi ne da ba haka zai yi ba, ƙarya yake. Ta ce yanzu baƙon gwamnati zai taso tun daga birni ya tarar da gidan Rokiah haka, mu kuma muna zaune da ido biyu? Ran Laraba duk layinmu ya fito gayya. Na zo da injin yankan ciyawa, aka sauya kwanon rufi uku, aka nome rogo da barkono, Tok Semail ya gyara akurkin kaji, mata suka wanke labule suka goge matakala har tana ɗaukar ido. Jusoh yana zaune yana ta neman gafarar wahalar da mu. Da gari ya waye aka sa masa rigar salla.

Jami'in ya zo, Encik Rosdi, wato Malam Rosdi, mutum mai ladabi. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙasa, ya gai da kowa da hannu a ƙirji, ya sha shayi, ya ci soyayyar ayaba uku. Ya zagaya gida da takarda a hannu yana 'yan zane-zane. Da ya iso wurin barkono ya tsaya ya ce tabarkalla, gonar wa ce wannan? A nan ne bakina, wanda ya sha jawo mini, ya jawo wa wani.

"Ta Jusoh ce," na ce, har da buga ƙirji. "Duk ƙauyen nan babu mai hannun noma irin nasa."

Bayan mako biyu amsa ta iso cikin ambulan mai kyau. Hukuma ta taya Jusoh murnar samun lafiya. Ta ce ciyawa a yanke, rufi a gyare, gona a nome, akurki sabo, ga kuma shaidar maƙwabci, saboda haka alamu sun tabbatar yana iya aikin ƙarfi. Na karanta sau uku. Na tabbata wanda ya rubuta shafin nan a bene yake zaune tsakanin mutanen da bai san sunansu ba, kuma a tunaninsa duk ciyawar da aka yanke a duniya mai gidan ne ya yanke ta.

Muka ɗaukaka ƙara. Aka ce za a sake turo jami'i bayan wata uku. A daren, kai, da yammacin ranar aka zauna a barandar masallaci, aka yi shawarar da ban taɓa jin irinta ba tun da nake: daga yau babu mai taimakon Jusoh. Babu yanka, babu shara, babu noma, ko ƙusa aka ga ta fito a bar ta. Liman ya daɗe yana shafa gemu, a ƙarshe ya ce shi dai bai ji komai ba. Aka kuma naɗa ni mai gadi, bisa hujjar cewa wanda bakinsa ya ɓata shi ya kamata ƙafarsa ta gaji.

Kun san ƙasarmu da ruwa. Cikin mako uku ciyawa ta kai gwiwa, cikin shida ta kai ƙugu. Wani damo ya tare da iyalinsa a ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi. Birai suka gane babu mai korarsu, suka cinye 'ya'yan itacen rambutan tun suna kore. Ni kuma kullum ina kan kujera a bakin hanya ina korar mutanen kirki. Na kori mai unguwa da adda a hannu. Na kori Kader, wanda ya ce guga ɗaya kawai zai kawar daga hanya. Mata ne kaɗai suka fi ƙarfina, don sun gano takardar ba ta da gurbin tukunya, sai suka riƙa bi ta ƙofar baya da nasi lemak, shinkafarmu ta madarar kwakwa, da miyar kifi, suna wuce ni ko kallo ban ishe su ba.

Dariya kuke yi, na sani, amma abin ya ci mana rai. 'Yan'uwan Rokiah sun zo daga nesa suka wuce gidan ba su tsaya ba, sun ɗauka an tashi. Ta yi kuka ranar, ta ce ita da ake kwatance da tsakar gidanta. Wata safiya kuma na hango Jusoh a tsugune cikin rogonsa yana jan ciyawa da hannun hagu a hankali, yana waige-waige kamar ɓarawo. Sai da na je na hana mutum taɓa gonar ubansa. Ya goge hannun a zaninsa ya koma matakala ya zauna. A duk wata ukun nan babu abin da ya tsaya mini a rai kamar wannan.

To kun ga inda hannun surukina ya shigo. Saura kwana uku Encik Rosdi ya dawo, gida ya yi kyakkyawan lalacewa, wanda ko makaho ya shafa zai ce mai shi ba shi da hannu. Ba zan bari wata uku su tafi a banza saboda ladan tsoho ɗaya ba.

Abin da na manta shi ne zaɓe ya sake zagayowa. Ran Lahadi ɗan takarar ɗaya ɓangaren, Mai Girma Mai Jiran Kujera, ya biyo da mutanensa suna kafa tutoci. Ya ga gidan, ya tambaya, aka ce na wani ma'aikaci ne da ya ji ciwo. Bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki hoto ya watsa a waya da rubutu a ƙasa: ku dubi yadda aka yi watsi da talaka a mazaɓar Garkuwan Ma'aikata.

Ran Litinin da hantsi ina kan kujerata sai ga bas biyu da mota mai lasifika. Mutum arba'in suka diro cikin riga iri ɗaya, maza da injinan yanka, mata da tsintsiya da bokitin fenti. A gabansu Mai Girma Wakilinmu ne da kansa, da sabon takalmin roba wanda takardar kuɗinsa ke lilo a jiki. Na ruga na tsaya a ƙofa na ware hannuwa. Na ce ranka ya daɗe, don Allah kada a taɓa, da gangan muka bari, gobe jami'i zai zo. Ya saurare ni da fuskar nan tasu ta sauraro, ya dafa kafaɗata, ya karɓi abin magana.

"Kun ji ko? Maƙwabcinsa ne da kansa yake cewa kada a taimake shi. To Pak Cik, babanmu, ka yi haƙuri. A zamaninmu babu talakan da za a bari cikin ciyawa."

Aka yi tafi. Wasu ƙarti biyu suka ɗauke ni cikin girmamawa suka ajiye gefe, har da kujerata. Cikin awa biyu aka aske renon wata uku. Damo ya kwashi iyalinsa ya yi gabas. Aka shafe matakala da launin jam'iyya, aka dasa furanni da tukwanensu, waɗanda aka kwashe bayan hoto. Da aka zo hoton sai wani ya ce ai zai fi armashi a ga mai gidan yana hannu a aiki. Aka danƙa wa Jusoh fartanya, wani na bayansa ya tallafo gwiwar hannun ya ɗaga. Na ga zufa ta karyo masa, na ga ya cije leɓe, amma ya yi murmushi, don a gidansu ba a koya masa ɓata fuska a gaban baƙo ba.

Ran Talata Encik Rosdi ya iso. Kafin ya shigo ƙauye ya riga ya wuce ƙyallen da aka rataya a mararraba, mai hoton Jusoh da fartanya sama, an rubuta "Mun Ɗaga Shi". Ya tuɓe takalmi, ya dubi tsakar gida, ya dubi matakala, ya dube ni. Na kwashe labarin duka na faɗa masa, tun daga gayyar farko har damo. Ya ce ya sani. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, da mahaifinsa ya karye maƙwabta ne suka girbe musu shinkafa, kuma tun zuwansa na farko ya gane aikin hannu da yawa ne.

"To me ya sa ka rubuta?" na ce.

Ya miƙo mini takardar. "Pak Cik, duba da kanka. Ciyawa a yanke: e ko a'a. Rufi a gyare: e ko a'a. Nuna mini gurbin maƙwabta in cike."

Na duba gaba, na duba baya, babu. Jusoh, wanda bai taɓa kai kukansa wurin kowa ba, ya fara ɓalle maɓallin rigarsa da hannun hagu, ya ce ko Encik zai dubi kafaɗar. Encik Rosdi ya kawar da kai da sauri. Ya ce kafaɗa ta likitoci ce, shi tsakar gida aka ba shi, kuma sai takardar kafaɗa da takardar tsakar gida sun yi baki ɗaya kafin a biya. Ya zana e guda huɗu, ya ƙi taɓa ayabar da aka ajiye masa, ya tafi yana ba da haƙuri.

Abin da na faɗa a rumfar Kader da yammacin ranar ba zai shiga jarida ba. Ashe wani yana ɗauka a waya. Kafin azahar ta Laraba har ɗan ƙanwata da ke aiki a jirgin ruwa ya kira ya ce ya gan ni ina dukan tebur da cokali. Mai Jiran Kujera ya samu abin da yake nema, ya riƙa karanta labarin a kowane taro yana share hawaye, shi da hotonsa ya jawo mana bas biyu. Saura kwana tara zaɓe.

Jama'a, kada wanda ya sake cewa gwamnati ba ta da sauri. Abin da ya gagara wata tara ya yiwu cikin kwana biyu. Hukuma ta yi zaman gaggawa ran Alhamis, aka gano ashe a shafi na casa'in da bakwai akwai sakin layin da ya ba shugabanta ikon amincewa da diyya don jinƙai, ba tare da duba ciyawa ba. Yana nan tun ranar da aka buga littafin, ba a dai taɓa karantawa har can ba. Ran Juma'a bayan an sauko aka tara mu a zauren ƙauye, da 'yan jarida, da lemo a kan tebur.

Mai Girma Wakilinmu ya yi jawabin minti arba'in, ya ce shi tun farko zuciyarsa ta gaya masa akwai zalunci a lamarin. Sannan aka shigo da cek na kwali, girman ƙyauren ɗaki, da sunan Jusoh a jiki an rubuta shi daidai. Mai Girma ya kama gefe ɗaya, aka ba Jusoh ɗaya gefen ta hannun dama don fuskar Mai Girma ta fi samun haske. Masu hoto suka ce a ɗaga sama. Mai Girma ya ɗaga nasa har saman kai. Na Jusoh ya taso zuwa ƙirji ya tsaya, yatsu suka saki, kwalin ya sulale ya faɗi a gabansa.

Mai Girma ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa. A iya sanina shi ne mai mulki na farko da ya kalle shi tun ranar da curin nan ya faɗo.

Amma abin da ya hana ni sukuni daban ne. Muna nan a layin gaba, mu maƙwabtansa, mutum ashirin ko fiye, waɗanda a da ko hularsa ce ta faɗi sai uku sun yi karo wajen ɗauka. Babu wanda ya motsa. Mai unguwa ya haɗe hannu a baya, Kader ya dubi rufi, ni kuma na ji ƙafata ta ɗaga ta koma da kanta. Wata uku kacal aka yi ana koya mana, kuma ni ne malamin. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Jusoh ya juyo ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa na neman gafara.

"Abang, yayana," ya ce a hankali, "ai an riga an sa hannu. Yanzu ya halatta."

Na tashi na ɗauka, na riƙe masa gefensa har aka gama hoto. Shi ya sa in kun ga jaridar Asabar za ku ga wani tsoho a gefe yana kuka, an rubuta a ƙasa cewa hawayen godiya ne ga Mai Girma.

Kuɗin gaske dai an ce sai bayan zaɓe, in an rantsar da sabon shugaban Hukuma, in kuma shi ma ya karanta har shafi na casa'in da bakwai. Kafin nan Rokiah ta toshe tagar kicin da kwalin, ta ce feshin ruwa ko ɗigo ba ya shigowa, kuma tun da take ba ta taɓa samun abin gwamnati mai aiki tun ranar farko ba sai shi.